Ƙarfe, katako ko alminiyam: da me za a ɗaure rumfar shuka ta folikabonet a Bauchi?

Wanda ya ga abin da guguwar watan Yunin 2018 ta yi wa garin Bauchi, washegarin ƙaramar Salla, ba sai an yi masa dogon bayani a kan iska ba. Kwanon rufi ya riƙa tashi kamar takarda, turakun lantarki suka kwanta, har aka rasa rayuka. Duk wanda ya zo ya leƙa rumfar shukata ta bayan gida, ya tambaye ni da me ya kamata ya ɗaure tasa, wannan ranar nake fara tuna masa tun kafin mu kai ga zancen kuɗi.

Rumfar da nake nufi ita ce wadda ake kira girinhaus, ɗakin rainon tumatir, tattasai, kokwamba ko irin dashe, wanda aka rufe da fallayen folikabonet. Robar nan ce mai tauri da haske ke ratsawa, mai bango biyu da 'yan ramuka a tsakani kamar kwali. Sayen fallen ba shi da wuyar shawara. Inda ake tafka kuskure shi ne firam ɗin da zai riƙe shi, domin yawancin abin da mutanenmu ke tsinta a YouTube shawarar mutanen Turai da Amurka ce ga junansu. Su damuwarsu dusar ƙanƙara da ke taruwa ta danne rufi, da ɗumin da ke tserewa ta jikin ƙarfe da hunturu. Mu ba mu da ko ɗaya. Namu abokan gaban su ne iska mai fizga sama, gara mai ci daga ƙasa, da zafin da sai mun nemi hanyar korarsa.

Fallen da kaurinsa milimita 6 ne, nauyinsa bai wuce kilo 1.3 a kowane murabba'in mita ba. Rufin rumfa mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 ke nan kilo 30 ne da 'yan kai, matashi ɗaya zai ɗaga shi. Wannan ke yaudarar mutane su ce ai ko kara ma zai riƙe. Amma iskar da ta kai gudun kilomita 108 a awa, wanda guguwa mai ƙarfi ta gaban hadari kan iya kaiwa, tana bugun kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kilo 55. A kan rufi kuwa ba dannawa take yi ba, tsotsa take yi sama, balle ta samu ƙofa ta shiga ta turo daga ciki. Ka ɗauka buhun siminti guda ne a kan kowane murabba'in mita, sai dai maimakon ya danna ƙasa yana ja sama: buhu 24 da ɗoriya, fiye da tan guda. Firam ɗin da ka zaɓa, wannan nauyin zai riƙe, ba kilo 30 ba.

Zafi kuma shi ke tilasta mana yin rumfa mai tsayi. Tumatir na fara zubar da fure idan zafi ya doshi digiri 35, mu kuwa a Maris da Afrilu a inuwa ma ana taɓa 40. Wanda ya rufe ɗaki ruf da folikabonet sama da gefe, tanderu ya gina, ba rumfa ba. Abin da ke aiki a nan shi ne folikabonet a rufi kawai don tare ruwan sama, gefuna kuma raga mai ƙananan idanu da za ta hana farin ƙuda da sharon (ƙwaron nan mai cinye tumatir) shiga, bangon gefe ya kai mita 3, a bar kafa a ƙololuwa inda iska mai zafi za ta fice. To, duk tsayin da ka ƙara, ka ƙara wa guguwa wurin kamawa. Shi ya sa abin da zai riƙe 'yar gajeriyar rumfa a bayan gidan Bature ba lalle ya riƙe tamu ba.

Wani abu kuma da fallen ke yi, wanda sai ka zauna da shi za ka sani, shi ne motsi. Da hantsi za ka ji rufin yana ƙas, ƙas, da magariba ma haka. Folikabonet na buɗewa milimita 0.065 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin asubar hunturu mai digiri 12 ko 13 da tsakar ranar Afrilu da fallen ke haura 50, falle mai mita 6 yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya da rabi. Ƙarfe mai wannan tsawon milimita 3 kawai yake ƙaruwa, alminiyam 5 da rabi, katako kuwa kusan babu. Babu firam ɗin da ke tafiya tare da fallen, saboda haka ko da me ka yi, sai an huda ramin sukuru ya fi sukurun faɗi da kamar milimita 3, an sa wosha mai robar EPDM, wato baƙar roba mai jure rana, ba a kuma ɗaure har fallen ya loɓa ba.

Rumfata ta farko da katako na yi ta, don shi aljihuna ya iya. Na sayo tu-bai-fo da tu-bai-tu na farin katako, kafinta ya shafe gindin dirkokin da baƙin mai ya binne su kai tsaye a ƙasa. Na ce masa, "Malam, anya wannan ya isa?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, gara ko warinsa ba ta so." Damina biyu muka yi lafiya. Wata safiya a watan Oktoba na jingina da dirkar kusurwa ina ɗaure igiyar tumatir, sai na ji ta ba da kai a kafaɗata. Na ɗauko sukudireba na danna, ta shige har mariƙi kamar a cikin burodi. Daga waje fenti garau, ciki kuwa jar laka ce da 'yan fararen gara suna kai-komo. Dirka shida cikin goma haka na same su. Ba laifin kafintan ba ne shi kaɗai: ya saba da rumfar ƙofar gida da ƙasarta ke bushewa ƙayau wata shida a shekara. Rumfar shuka kuwa kullum ana ba ta ruwa, a tsakiyar rani ita kaɗai ce wuri mai danshi a unguwar, duk garar da ke kusa can za ta tare.

Duk da haka ban yarda a ce katako ba shi da wuri ba. Yana da abubuwan da ƙarfe ba shi da su. Kowane kafinta zai iya aikinsa, ba a jiran wuta ko janareta. Sukuru na kama shi da kyau, kuma fuskarsa mai faɗin inci biyu tana ba bakunan fallaye biyu wurin zama a inda suka haɗu. Ba ya ɗaukar zafi ya ƙona hannu ko ganyen da ya taɓa shi. Abin da Turawa ke kuka da shi, wai kaurin katako na tare haske, mu a wurinmu alheri ne, don rana ta yi mana yawa. In wani sashe ya lalace kuma, a cire a sa wani da guduma da zarto.

Sharaɗinsa guda ne babba: kada ya taɓa ƙasa. A zuba ɗan ginshiƙin kankare ya taso kamar santimita 30 sama da ƙasa, a dasa ƙarfe mai baki biyu a ciki, dirkar ta zauna a tsakani a ɗaure ta da bol da noti. Gara za ta iya hawa, amma sai ta gina hanyarta ta laka a jikin kankaren, a fili, inda idonka zai gani ka kankare. Sannan kada a dogara da ƙusa a mahaɗar rufi. Ƙusa tana riƙe abin da ke danna ƙasa, amma abin da ke ja sama zare ta yake yi. Kowace rafta a ɗaure ta da langa-langa ko bol. A kuma nemi busasshen katako. Ɗanye da zarar hunturu ya buge shi sai ya karkace, ya ja sukurori, fallen ya tsage a bakin rami. Akwai kuma matsalar tsawo: katakon kasuwa galibi ƙafa 12 ne, mita 3.6, don haka duk rufin da ya fi haka faɗi sai da haɗi, kowane haɗi kuwa wurin rauni ne.

Irin itacen ma da bambanci mai yawa. Farin katako mai laushi da malaina na da araha, amma a wurin danshi ba su da ƙarko. Madaci ya fi su, iroko da ake kawowa daga Kudu ya fi madaci. Ƙirya ita ce sarauniya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, gara na shakkarta, sai dai masu gawayi sun sa ta yi wuya, ga taurin da sai an fara hudawa kafin sukuru ya shiga. A kowannensu jar zuciyar itacen ce mai juriya, farin gefen nan na kusa da ɓawo abincin ƙwari ne. In ka shiga wurin masu katako a Muda Lawal, duba kan kowane guda ka ga nawa ne ja nawa ne fari. Baƙin mai kuwa a bar shi: yana tsiyaya cikin ƙasar da za ka ci abin da ta fitar, kuma mai, fetur da tina duk suna lalata folikabonet, su sa ya yi gautsi ya tsattsage. A yi amfani da maganin katako na gaskiya, a bari ya bushe sarai, a shimfiɗa siririyar roba ta EPDM tsakanin katakon da fallen.

Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa ce mini, "Ɗana, me ya hana ka azara? Kakanninmu da ita suka yi soro." Gaskiyarsa. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne a kan abin da ginin ƙasa da azara ke iya jurewa. Ɓangaren waje na kututturen giginya gara ba ta cika iya masa ba. A matsayin dirka azara za ta yi. A rufi ne ba ta dace ba: ba ta miƙe sumul ba, fuskarta ba ta daidaita ba, tana tsagewa bin tsawonta idan aka matsa mata sukuru, fallen kuwa shimfiɗa madaidaiciya yake so. Haka sandunan turare, haka gora. Gora na da ƙarfi sosai idan aka kwatanta da rashin nauyinta, amma zagaye take, kaurinta ba ɗaya ba, ƙwari kuma na mai da cikinta gari idan ba a jiƙa ta a magani ba. Ga rumfar leda ko ta raga da za a sabunta bayan shekara biyu, gora ta isa. Ɗora mata falle mai tsada da aka yi shi don ya haura shekara goma kuwa, ɗinka babbar riga ne da zaren da ya ruɓe.

Bututun roba na PVC ba zan ɓata lokaci a kansa ba. A bidiyo yana da kyau, ana lanƙwasa shi da hannu a yi baka cikin awa guda. Taurinsa bai kai kashi biyu cikin ɗari na ƙarfe ba, yana fara saki idan zafi ya kai wajen digiri 60, rana kuma na cinye shi har ya riƙa karyewa kamar busasshen kara. Ya yi wa gajeriyar rumfar leda ta irin dashe. Ban da folikabonet.

Alminiyam shi ne abin da rumfunan kanti na ƙasashen waje ke zuwa da shi, kuma da dalili. Ba ya tsatsa, ba ya son fenti, nauyinsa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe. Amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne: sanda biyu masu girma ɗaya, ka ɗora musu kaya ɗaya, ta alminiyam za ta lanƙwasa ninki uku. Don ya yi aikin ƙarfe sai an ƙara masa girma da kauri, nan kuma kuɗin ke tashi. Wanda ake samu a shagunan masu tagogi a garin nan an yi shi ne don taga da ƙofa, inda bangon bulo ke ɗauke masa nauyi, ba don ya tsaya shi kaɗai a fili mita 3 yana kokawa da iska ba. Mai walda na bakin titi ba ya iya narka shi da injinsa, sai ribit da sukuru, ribit kuwa na saki idan iska ta yi ta jijjiga shi. Ɗanyen siminti na cinsa, sai an shafe gindin da kwalta kafin a dasa. Ga kuma abin da ba a rubutawa a littafi: in rumfar a gona take ba a cikin gida ba, alminiyam shi ne abin da 'yan jari-bola suka fi ƙauna. Inda nake ganin ya fi kowa shi ne ƙananan wurare, wato sandar da ke haɗa falle da falle, marufin bakin falle, firam ɗin ƙofa da na tagar ƙololuwa da ake so ta buɗu ba nauyi.

Sai ƙarfe, wanda da shi na sake gina tawa. Amma faɗin "ƙarfe" kawai bai ce komai ba, don tazarar da ke tsakanin mai kyau da marar kyau ta fi wadda ke tsakanin ƙarfe da katako.

Kauri ne farko. Bututu mai kusurwa huɗu, wanda 'yan kasuwa ke ce wa sikwaya fayif, daga waje duk kamarsa ɗaya. Mai faɗin milimita 40 kowane gefe, in kaurin jikinsa milimita 2 ne, mita 6 ɗinsa na kai kilo 14. In milimita 1 ne, kilo 7 ne da ɗan kai. Ranar da na je saye na tambayi yaron shagon kaurin wani, ya ɗaga gefe ɗaya ya ce, "Alhaji, mai kauri ne, ji nauyinsa." Na ce, "To samari, ɗauko sikeli mu ji tare." Kilo 8 ya nuna. Ba faɗa, ya shiga ciki ya jawo wani. Tun daga nan ba na sayen ƙarfe sai da sikeli da tef, don tsawon ma ba kowanne ke cika mita 6 ba. Dirkoki ina son milimita 2, faɗi 40 ko 50. Rafta da sandunan gicciye kada su gaza milimita 1.5, domin sukuru mai huda da kansa yana bukatar nama da zai ciza. A ƙarfen da bai kai milimita 1 ba zare ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi, iska na zuwa sai ta zare shi kamar ƙaya. Mai walda ma siririn ƙarfe ɓula masa yake yi, ya yi ta cike rami.

Na biyu, baƙi ko fari. Baƙin ƙarfe ya fi araha kuma ya fi daɗin walda, amma cikin rumfar shuka kullum raɓa ce: da asuba za ka ga ruwa na bin ƙasan falle yana sauka a kan sanduna. Ga takin zamani, yuriya da NPK, da ke hanzarta tsatsa duk inda ya fantsama. Baƙin ƙarfe zai yi shekaru idan an goge shi, an shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu, an bi da fentin mai, an kuma riƙa sabuntawa. Matsalar ita ce fuskar da fallen ya kwanta a kai, ba za ka sake kai mata buroshi ba sai ka kwance rufi. Cikin bututun ma ba ya fentuwa, ta can tsatsa ke ci a ɓoye, shi ya sa ake toshe kan kowace dirka, a kuma huda ɗan rami a ƙasa inda ruwan da ya taru zai fita. Fentin ƙarshe ya zama fari, don baƙar sanda a ƙarƙashin falle tana zafi har ba ta taɓuwa.

Farin bututu, wato galbanaiz, an lulluɓe shi da tutiya. Shi ma kashi biyu ne. Akwai wanda aka tsoma gaba ɗayansa cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450, ciki da waje, launinsa toka-toka, jikinsa da ɗan kaushi, irin tsohon bututun ruwan famfo. Akwai kuma wanda aka naɗe daga fallen da aka riga aka shafa wa tutiya siririya, mai sheƙi da santsi. Na farkon ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, ya kuma fi tsada. Na biyun ya fi baƙin ƙarfe, amma a gindi inda danshi da taki suke yana son ƙarin fenti. Ko wanne ne, duk inda aka yi walda tutiyar ta ƙone, nan tsatsa za ta fara, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A goge wurin a shafa fenti mai tutiya a ranar, kada a bari sai gobe. Farin hayaƙin da ke tashi lokacin waldar galbanaiz kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awoyi. Masu walda kan ce a sayo musu madara su sha, amma madara ba ta hana hayaƙi shiga huhu. A goge tutiyar daga bakin haɗin kafin a fara, a yi aikin a fili, mai aikin ya ba iska baya.

Wannan ne ya sa nake fifita bol a kan walda duk inda ya yiwu. A yi waldar ƙananan faranti da kunnuwa a shago, a yi musu fenti, a zo wurin a ɗaure. Wanda filinsa na haya ne ko aro, ranar da mai fili ya ce yana son abinsa, sifana kawai zai ɗauko ya kwance ya tafi da rumfarsa. In kuwa walda za a yi a wurin, a gama ta kaf kafin a shigo da fallaye, don tartsatsi ɗaya ya isa ya ɓula falle.

Zagaye ko mai kusurwa? Zagayen bututu ya fi sauƙin lanƙwasawa a yi rufin baka, kuma folikabonet na yarda da lanƙwasa muddin bakan bai tsuke ba: ƙa'idar ita ce nisan tsakiyar da'irar zuwa bakinta kada ya gaza kaurin fallen sau 175, wato mita 1.05 ga mai milimita 6. Rufin baka ba shi da haɗi a ƙololuwa, ba ya yoyo, iska na zamewa a kansa. Sai dai sukuru na zame wa zagayen bututu, fallen kuma a kan siririn layi yake zama. Mai kusurwa na ba da shimfiɗa, kuma a rufi mai gangare biyu ya fi sauƙi a ɗaga gefe ɗaya ya ɗara ɗayan a bar kafar fitar zafi a tsakani. Saboda wannan kafar kaɗai na zaɓi mai kusurwa. Faɗin falle mita 2.1 ne, don haka raftoci su zauna a kan santimita 70 ko 105 yadda kowane haɗi zai faɗo a kan ƙarfe. Ni 70 na yi. A saya fallen, ko a auna shi, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Ramukan cikinsa su bi gangare don raɓa ta tsiyaye, fuskar da aka rubuta tana tare hasken rana mai lalata roba kuma ta kalli sama.

Wani amfanin ƙarfe da ba a tunawa sai tumatir ya yi 'ya'ya shi ne rataye. Tumatir da kokwamba masu hawa igiya daga rufi suke lilo, kuma masu ƙera irin waɗannan rumfuna na ware musu kimanin kilo 15 a kowane murabba'in mita. A rumfa mai murabba'in mita 24, kilo 360 ke nan. Tu-bai-tu zai yi ciki da wannan, alminiyam na taga zai lanƙwashe.

Ko ƙarfen ya kai na gada, in gindinsa bai kafu ba guguwa za ta ɗauke shi ɗungurungum ta aje a gidan maƙwabci. Rami mai faɗin santimita 40 kowane gefe da zurfin 60, in aka cika shi da kankare, nauyinsa na kai kilo 230. Dirka goma ke nan kilo 2,300, kusan ninki biyu na abin da iskar da muka lissafa ke ja. A manna guntun rodi a gicciye a ƙasan kowace dirka don kada ta zare daga cikin kankaren, a kuma tayar da kan kankaren ya yi tozo sama da ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta a wuyan ƙarfen ba, don nan ne yake fara ruɓewa. Sai tokari: kowace kusurwa a sa sanda a karkace, a bango da kuma a rufi. Firam mai murabba'i zalla turo shi kaɗan yake jira ya kwanta, na katako ne ko na ƙarfe. Hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa, saboda haka kada ƙofa ta kalli can, in da hali kuma gajeren gefen rumfar ne zai fuskanci gabas.

Da ƙanena zai tambaye ni yau, ga abin da zan ce masa. In gidanka ne, kuma kana nufin abin ya daɗe, yi dirka da rafta da galbanaiz, haɗe-haɗen falle da alminiyam. In kuɗin bai kai ba, kada ka rage kauri don ka samu fari. Gwamma baƙin ƙarfe mai milimita 2 da fenti mai kyau a kan galbanaiz mai kaurin gwangwanin madara. In shi ma bai samu ba, raba aikin biyu: dirkoki na ƙarfe a cikin kankare, sama kuma busasshen madaci ɗaure da bol da langa-langa, don gara daga ƙasa take zuwa, ƙarfe kuwa ba ya ba ta abin ci. Katako zalla sai ga ƙaramar rumfar irin dashe da ba ta wuce mita 3 faɗi ba, a kan ginshiƙan kankare, ga mutumin da zai riƙa zagaya ta kowane mako yana duba hanyar laka. Wanda kuwa kuɗinsa duka ya ƙare a fallaye, ya jingine su a ɗaki a inuwa ya jira wata shida ya tara na firam. Ba za su lalace ba.

Tawa yanzu ta ga damina uku. Kowane ƙarshen Maris, kafin hadarin farko, nakan hau tsani da sifana da gwangwanin fenti in bi bol ɗaya bayan ɗaya. Bana na samu biyu sun saki a gefen gabas, da wosha huɗu da rana ta busar har suka tsage, da ɗan jan tabo a wuyan dirkar da ke kusa da inda yara ke dama taki. Na matsar da durom ɗin takin waje.